Hawa Huɗu

"Kina motsa jiki?" likita ta tambaya, idonta a kan takardar gwaji.

"Ina fa!" Umma ta riga ta amsawa. "Daga kantin magani sai gida. A zaune take wuni."

Auta ta sunkuyar da kai. Jibi za a cire mata ƙwan haihuwa na hagu, inda aka gano ciwon daji.

"Ita nake tambaya, Hajiya. Nauyinta daidai, ba suga, ba ta shan taba. Saura ƙarfin zuciya da huhu. In ba ta iya hawa bene biyu ba haki, sai mun ɗage aikin a ƙara gwaji. Ciwon nan kuwa ba ya jira."

Wata bakwai ke nan da Umma ta hana Auta kula saurayinta Tela, wai wanda ya kasa samun shago a ƙasa ba zai iya riƙe mata 'ya ba.

Auta ta ɗago kai.

"Ina hawa huɗu..."

"Huɗu?"

"Kullum. Safe da yamma."

Umma ta juyo a hankali. Gini ɗaya ne mai hawa huɗu a layin kantin, kuma ta san keken ɗinkin wa ke can sama.

Likita ta rubuta: jibi, ƙarfe takwas.

Awa uku aka yi ana aikin. An bar wa Auta ƙwan dama. Washegari ta taka har ƙarshen baranda.

"An gano shi da wuri, wannan shi ne babba," in ji likita. "Amma benen nan ya taimaka."

A bakin ƙofa Tela ke tsaye, ya manta tef ɗin awo a wuyansa.

"Sannu, hasken idona..." Ya hango Umma, ya durƙusa.

"An gaya maka ba lalle ta haihu ba?"

"An gaya min, Umma. 'Yar gwaggona takanas ta zo shago don ta faɗa min."

"Ta hau huɗun?" Umma ta tambaya.

"A na biyu ta tsaya, ta kira ni a waya."

Auta ta tuntsire da dariya, ɗinkin ya ja ta, ta dafe ciki.

"Wayyo! Ka daina!"

Umma ta gyara mata filo, ta juya ga Tela.

"Ka turo manyanka," ta ce. "Amma kar ka kuskura ka sauko da shagon nan ƙasa."