Auta Bai Fita da Ƙafarsa Ba

Da hantsi Hajiya Damata ta isa asibitin dabbobi na Yendi, ta tarar da igiya, babu Auta. Ragon nan da bulumboti ta raine shi, a ƙofar ɗakinta yake kwana. Jiya likita ya tsaga cikinsa, ya fito da tulin leda, ya ɗinke, ya feshe wurin da magani mai launin shuni.

"In bai samu allura yau ba, ɗinkin zai ruɓe," in ji likita.

Sajan Hikmat, 'yar sandan da aka turo, ba ta san zama ba. Ta duƙa a bakin ƙofa. Babu sawun kofato, sai na takalmi da ya nutse a ƙasa.

Maigadi ya ce ya je asuba ne. Tsohon da buta ma ke rinjayarsa! Ta sallame shi.

Sai Musah mahauci, wanda ya daɗe yana taya ragon.

"Ni? Naman da ya sha allurar barci? Haba Sajan, mutane zan kashe?"

Ta zagaya bayansa, ta dubi wuyansa, ta ce ya tafi.

"Hajiya, wa ya kawo shi jiya?"

"Zainudeen, ɗan ƙanina. Gobe ma ɗaurin aurensa."

Sun same shi tsakar gida, rana na dukan ƙwaƙwalwa, shi kuwa ya naɗe wuya da gyale. Can gefe ana wasa wuƙa.

"Ango, sanyi kake ji?" in ji Hikmat.

"Mura ce."

"Cire mu gani."

Ƙeyarsa duk ta yi shuni.

"Ragon da aka tsaga jiya ba ya tafiya," in ji Hikmat. "Saɓa shi aka yi a kafaɗa, shi ya sa sawun ya nutse. Maganin nan kuwa sabulu ba ya fitar da shi."

"Gwaggo, dangin amarya ne za su zo, ba ni da abin yankawa..."

Hajiya ba ta ko dube shi ba. Ta ƙwala kira, "Auta!"

Daga bayan rumbu wata siririyar murya ta amsa. Ta ruga, ta rungume shi tana kuka, tana lalubar ɗinkin.

"Da ka roƙa, da na saya maka biyu," ta ce. "Amma ɗana ka ɗauka, Zainudeen. Saɓa shi ka mayar wa likita, ka ga ka iya."