Uranus Da Kishin Juwairiyya

"Sau nawa na kira ka jiya, Badar? Sau nawa?!"

Juwairiyya ta tsaya a bakin ofishinsa na hukumar binciken sararin samaniya, tana huci.

"Yi haƙuri, rabin raina. Muna kan na'urar hangen nesa ne, Uranus muke..."

"Kai da wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Da Safiyatu."

Safiyatu! Abokiyar aikin nan tasa mai farin tabarau, wadda ba ta buɗe baki sai ta ce, "Ni da Badar mun fahimci juna." Saura wata guda bikin Juwairiyya da Badar, amma wata ce ke sa shi dariya!

Tasi ta tara zuwa Kasuwar Wuse, shagon atamfofin mahaifinta, Alhaji Datti. Kishi ya rufe mata ido, ta faɗi abin da ta san zai ƙona.

"Baba, wata duniya yake bi kullum... sunan gunki gare ta."

"Gunki?! To an fasa auren!"

Sai da kalmar ta fita daga bakinsa ta gane ɓarnar da ta yi. Kwana ta yi tana kuka, abinci ya gagare ta.

Washegari Badaruddeen ya zo shagon, ya durƙusa. Juwairiyya na bayan tulin atamfa, tana ji.

"Baba, gaskiya ne. A tatsuniyar Girkawan da, Uranus shi ne abin bautarsu na sama, Turawa suka ara suka laƙaba wa wannan duniyar. Ita kuwa ƙatuwar duniya ce mai tsananin sanyi, can nesa da rana. Ba ta san ma an sa mata suna ba. Aunawa kawai muke, mu ce Subhanallah."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu.

"Sunan nasu ne, halittar ta Allah ce. Tashi, ɗana. Biki na nan."

A bakin shago ta tare shi, idanunta jajir.

"Ni na haɗa ka da Baba..."

"Na sani. Kin ji min ciwo, Juwai."

"Ka yafe min, masoyina. Safiyatu ce ba na so kusa da kai!"

"To ki zo ranar Asabar, ki ga Uranus da idonki."

"Safiyatu za ta zo?"

"Za ta zo. Aikinta ne."

Ta gyara mayafinta.

"Shi ke nan. Amma ni zan tsaya a tsakiya."