Ranar da Inna Ta Hana Biro

"Kai har namiji ne? Dube ka fa! Shekara uku ina gidan nan, ban da haƙuri me ka taɓa ciyar da ni?"

'Yar Biro ce tsaye a tsakiyar falo, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da takarda. Mijinta Auta yana zaune a hannun kujera da tasa takardar, yana ta ƙoƙarin haɗe rai, dariya kuma tana cin sa.

"To... ai sai ki yi haƙuri," ya karanta a sanyaye.

"Kat! Haba Yallaɓai, haka mai fushi yake magana? Kamar mai roƙon a ara masa caja?"

"To ni ina na iya fushi da ke? Ki ba ni ɓangaren soyayya ki ga aiki!"

Tun tana makaranta aka laƙaba mata 'Yar Biro, saboda kullum akwai biro soke a gefen ɗankwalinta, bayan littafin lissafinta kuwa cike da labarai. Burinta ɗaya a duniya, ta ga sunanta a farkon fim, a wurin da ake rubuta wanda ya tsara labari. Sau uku tana kai rubutunta wurin masu shirya fim, sau uku ana dawo mata da shi. Na ƙarshen ma cewa ya yi mutanenta suna magana kamar jarida. Maganar ta yi mata ciwo, amma ta ɗauki darasi. Daga ranar ta kafa wa kanta doka: ba layin da zai zauna a takarda sai ta ji shi daga bakin mutum.

Bakin kuwa na Auta ne. Bawan Allah, mai gyaran waya ne, amma a falon nan ya yi miji, ya yi ɗan sanda, ya yi likita, har tsohuwa ya taɓa yi da tawul a ka. Layi ɗaya ne kawai ba ya karantawa. Duk inda ya hango kalmar saki sai ya ajiye takarda ya ce, "Wannan kam ba da bakina ba, ki nemi wani."

A wannan karon abin ya zo da sa'a. Wani darakta ya karanta sikirif ɗinta, wato rubutun fim ɗinta na huɗu, ya kira ta da kansa. Labarin ya yi masa, in ji shi, sai dai uwar mijin da ke ciki ba ta magana kamar tsohuwar gaske. Ya ba ta mako biyu ta gyara, in ba haka ba zai ɗauki na wani. Shi ya sa tun da safiyar Asabar ɗin nan suka tashi da rihazal, wato gwajin wasan.

"Mu sake. Wannan karon da ƙarfi," ta ce. Ta ja numfashi ta ɗaga murya. "Kai har namiji ne? Wallahi na yi da-na-sanin aurenka! Ragon banza, ɗan lelen uwarsa!"

Jaka ta faɗi a bakin ƙofa, tim!

Inna ce, mahaifiyar Auta. Ana gyaran rufin ɗakinta, ta zo ta yi kwana biyu wurin autanta. Sallama uku ta yi ba wanda ya ji, amma ita ta ji komai.

"Innalillahi! Auta, kana zaune ana wanke ka tas, kana murmushi? Har da ni a ciki?"

"Inna, wallahi ba haka ba ne, fim ne..."

"Fim ɗin gidanku! Ina kyamarar?"

'Yar Biro ta zube a ƙasa. Ta miƙa takardar, Auta ya nuna layin da yatsa, suka yi ta bayani suna katse juna. Inna ta saurara har ƙarshe. Ta gane wasa ne sarai, Inna ba ta da duhun kai. Sai dai ganewar ba ta sauko da ita ba.

"Na ji wasa ne. To harshe ya san wasa? Bakin da ya saba zagin miji da safe saboda takarda, wata rana zai zage shi da yamma ba takarda. Ni ban haifi ɗa don a riƙa gwada zagi a kansa ba." Ta juya ga ɗanta. "Muddin ni na haife ka, ban yarda a sake rubuta ko harafi ɗaya na wannan abu ba. Na gama magana."

Ta ɗauki jakarta ta shige ɗakin baƙi.

A kicin 'Yar Biro ta yi kukanta, ta kunna famfo don kada a ji. Shekara da shekaru tana ƙwanƙwasa ƙofa, yau an buɗe, kuma an ce kada ta shiga! Auta ya same ta a nan, shi ma idonsa ya kaɗa. Tun kafin aure ya yi mata alkawarin ba zai raba ta da rubutu ba, ga shi yau alkawarin ya yi karo da maganar uwa.

"Ji nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki riƙa kawo min abinci shago da rana. Akwai benci bayan kanta, ki zauna ki yi rubutunki awa biyu. Wa zai sani?"

Ta share hawaye ta dube shi. Har ga Allah ranta ya biya.

"Mu za mu sani, Yallaɓai. Inna ba ta ce a gida kawai ba, cewa ta yi ko harafi. In na sa ka saɓa mata a ɓoye, ai maganarta ta tabbata ke nan, rubutuna ya lalata mata ɗa."

"To wa'adin darakta fa?"

"Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. In nawa ne, zai jira ni."

Ta faɗa ne da ƙarfin hali, amma da ya fita sai da ta sake kunna famfo.

Yayarta kuwa da ta ji labari a waya, kamar ta fito ta cikin sifika. "Ke wace irin sakarya ce? Tattaro kayanki ki taho gida ki yi rubutunki, in sun ga dama su biyo ki da ban-haƙuri!"

"Yaya, mijina bai yi min komai ba."

"To zauna, uwar masu haƙuri!"

Ta zauna ɗin. Ta kwashe takardun ta sa a akwati, ta cire biro daga ɗankwali, kanta har wani sakayau take jin sa. Ta shiga hidimar Inna ba fushi ba ƙunci: ruwan wanka, shayi, shafa man zafi a gwiwa. Auta kuma kullum ya dawo daga shago sai ya zauna gaban mahaifiyarsa ya ɗan taɓo maganar, ita kuma ta ce masa ya ci abincinsa tun da zafi. Kwana biyun Inna suka zama goma, don mai gyaran rufi ya karɓi aiki ya ɓace.

Amma an hana hannu ne, kai bai ji dokar ba. Mutanen labarin suka ƙi barin 'Yar Biro ta huta. Tana wanke-wanke suna faɗa, tana shara suna shiryawa, leɓenta na motsi ba ta sani ba.

Ranar kwana na goma sha ɗaya, saura uku wa'adi ya cika, suna zaune a ƙofar kicin da la'asar suna tsintar shinkafa a faranti ɗaya, an ɗauke wuta, ba rediyo ba talabijin. Inna ta ɗago kai.

"Ke 'yar nan, da wa kike ƙunƙuni? Ni ce?"

"A'a wallahi, Inna! Mutanen labarin nan ne. Sun ƙi fita daga kaina."

Inna ta taɓe baki. Ta tsinci tsakuwa biyu ta yar. Can dai zaman shiru ya ishe ta.

"Wai ma me ya haɗa su, har take zagin mijinta haka?"

'Yar Biro ta fara ba ta labari da baki, a ɗarare. Yarinya ce ta auri ɗan autan wata tsohuwa, tsohuwar ta tare a gidansu, zama ya ƙi daɗi. Tun Inna na ji da kunne ɗaya har ta ture farantin gefe ta gyara zama.

"Sai uwar mijin ta shigo ɗakin, ta ce, 'Fita daga gidan ɗana, muguwa, na tsane ki!'"

Inna ta ja wani dogon tsaki.

"Wace uwar miji ce wannan marar wayo? A ina kika samo ta? Ai mai hankali ba ta korar suruka da baki. Shigowa za ta yi da fara'arta, ta shafa saman tebur da yatsa, ta dubi yatsan, ta ce, 'Sannu da aiki, 'yar nan.'"

'Yar Biro ta sunkuyar da kai tana danne dariya, don ranar Talata aka yi mata wannan.

Inna ta ci gaba: "In an kawo abinci kuma ta ɗanɗana, ta ce, 'Ayya, gishiri ya yi tsada a kasuwa ko?' In ɗanta ya shigo, ta ce masa, 'Ka rame, amma ba komai.' Shi ke nan! Ba zagi, ba duka, yarinya ta kwana tana juyi."

"To Inna, me ya sa take yin haka? Ni abin da na kasa ganewa ke nan. Na ɗauka mugunta ce kawai."

Inna ta sunkuyar da kai. Ta jawo farantin tana juya shinkafar da yatsa.

"Tsoro ne, 'yar nan. Kin goya yaro, kin yi jinyarsa, kin san kukansa na yunwa da na rigima. Rana ɗaya wata ta zo, ya koma kallon fuskarta kafin ya amsa miki magana. Ba ƙin yarinyar take ba. So take a ce mata har yanzu da sauran amfaninta." Ta goge ido da bakin mayafi, ta harare ta. "Kin tsaya kina kallona! Rubuta mana, kada ki manta!"

"Inna... ai kin hana."

"Wa ya hana?"

"Ke, Inna. Kin ce ko harafi."

Inna ta ajiye farantin. Ta ƙura mata ido.

"Kina nufin duk kwanakin nan ba ki rubuta komai ba? Ko a wayar nan taku?"

"Ko ɗaya."

"Auta bai ce ki yi a ɓoye ba? Na san halin kayana."

'Yar Biro ta kau da kai tana wasa da bakin zane. Inna ta girgiza kai, muryarta ta yi laushi.

"Allah ya yi miki albarka. Bakin da ya iya riƙe maganata kwana goma sha ɗaya, ba zai zagi ɗana da gaske ba. Na janye. Tashi ki ɗauko takardunki! Amma sharaɗi ɗaya: duk wani faɗa da zagi, ni za ki riƙa karanta wa. Ni na san yadda ake ramawa."

Da Auta ya dawo daga shago, tun daga bakin ƙofa ya jiyo muryar mahaifiyarsa tana cewa, "Ƙarya ne, sake! Da ƙarfi!" Ya faɗo falo a guje zai raba faɗa, ya tarar da su kafaɗa da kafaɗa a kujera ɗaya, takardu baje a ƙasa.

"Kai kuma ka tsaya mana a ka? An sallame ka daga aiki," in ji Inna. "Je ka ɗora mana shayi."

Kwana uku suka yi suna abu ɗaya, Inna na faɗa, 'Yar Biro na rubutawa tana tacewa. Ranar da wa'adi ya cika ta tura. Washegari darakta ya kira, dariya ta hana shi gaisawa.

"Malama, ina kika samo tsohuwar nan? Wallahi kamar da surukata kika zauna! An ɗauka. Ki fara tunanin na gaba."

'Yar Biro ta saki waya ta rungume Inna tana kuka tana dariya, Auta na gefe yana ta washe baki kamar shi aka ɗauka.

Da ta bi ta bayan kanta ta yi rubutunta a ɓoye, da ta cika wa'adi da tsohuwar bogi, ta kuma rasa ta gaske. Da ta bi zugar Yaya, da ta bar miji mai ƙaunarta a kan laifin da bai yi ba. Ta yi haƙuri da maganar babba ko da ta yi mata ɗaci, sai ga shi bakin da ya hana ta, shi ya ba ta abin da ta rasa. Mahaƙurci mawadaci, in ji masu iya magana, kuma ba su yi ƙarya ba.