Watan Da Ya Dawo Da Wuri

Tun da suka koma unguwar Alshajara a Khartoum famfo bai sake kawo ruwa ba. Don haka da yammacin Lahadi, ɗaya ga Fabrairun 2026, Husna da mahaifiyarta Turai suka ɗauki jarkoki suka nufi bakin kogin Nilu, su ɗebo na kwana kafin magariba.

Hanyar ta bi ta bayan garejin da ya ƙone lokacin yaƙi. Har yanzu warin taya da baƙin mai bai bar wurin ba. Husna ce a gaba, jarka a hannu ɗaya, waya a ɗayan, tana ƙyalƙyala dariya. Da ƙyar ta haɗa digirinta na lissafi, rabi a Khartoum rabi a gudun hijira, kuma ba abin da ke mata daɗi irin ta kama ƙarya da lamba.

"Yumma, ji abin da ƙanwarki Sabuwa ta turo daga Omdurman. Wai Fabrairun bana watan mamaki ne. Ya fara da Lahadi, kowace rana ta zo sau huɗu cif, kuma ba za a sake ganin irinsa ba sai bayan shekara ɗari takwas da ashirin da uku. Kalam fadi, zancen banza! Kwana ashirin da takwas ai mako huɗu ne, dole kowace rana ta zo sau huɗu. In farawa da Lahadi ne, ko a 2015 haka ya fara. Kalanda zagayawa take yi, ta je ta dawo inda ta tashi."

Ta waiwaya.

Turai na tsaye a tsakiyar hanya, jarkarta a ƙasa. Ita ba ta yi boko ba, da ganin wata take ƙirga kwanakinta.

"Ba Sha'aban muke ciki ba?"

"Sha'aban ne, Fabrairu ne kuma. Yumma, lafiya?"

Turai ta matso ta kama hannunta. Tafin ya yi sanyi ƙalau. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada ƙasar ma ta ji.

"Kin tuna ranar da kika faɗa ruwa a madatsar Jabal Awliya, daga kwalekwalen marigayi babanki?"

Husna ta tuna. Shekararta goma sha ɗaya a lokacin. Ta dai farka a kan tabarma, mata na kuka a kanta.

"Ba masunta ne suka tsamo ki ba. Tun hantsi ake nema har la'asar. Na shiga ruwa har ƙirji ina kiran sunanki, sai aka amsa mini daga ƙasa. Mutanen ruwa suka ce kin riga kin zama tasu, sai dai su ara mini ke, in yanka lokaci. A makon ne babanki ya karanto mana irin wannan saƙon a wayarsa. Sai na ce su bar mini ke har irin watan nan ya dawo. Shekara ɗari takwas aka ce, ya bitti, 'yata. Na ɗauka na yi musu wayo. Kullum ina istigfari a kan maganar nan."

Husna ta so ta yi dariya. Dariyar ta ƙi fitowa.

Kwaɗin bakin ruwa sun yi tsit. Ko sauro babu.

Sai wani ƙarni ya taso, na ɗanyen kifi da tsohon laka.

"Mu koma gida," in ji Turai.

Suka juya. Hanyar da suka biyo a bushe yanzu ruwa ne kwance a kanta, baƙi, ba ya motsi. A wannan lokacin na shekara kogin janyewa yake yi. Yau ya hauro har gindin katangar gareji.

Jarkar Turai ta fara ƙara. Ɓul. Ɓul. Tana cika da kanta.

Sanyi ya kama idon sawun Husna. Ba ta ɗaga ƙafa ba, amma tana tafiya. Ruwa ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu. Wayar ta suɓuce ta nutse, haskenta na ta yin ƙasa, ƙasa, a inda bai kamata a ce akwai zurfi ba.

Wani abu ya ɗago kai a gabanta.

Fuskar yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, a kumbure, ciyawar ruwa a kitsonta. Husna ta san kitson. Ta san tabon da ke haɓar, don yana nan a tata.

Bakin bai buɗe ba, amma muryar ta fito, ta tsohuwa tukuf.

"Watan ya dawo."

Turai ta afka cikin ruwan ta rungume Husna ta baya. "Ku ɗauke ni a madadinta!"

"Ba ke muka bayar aro ba."

"To zagaye ɗaya. Don girman wanda ya halicce mu da ku, ku ƙara mata zagaye ɗaya."

Ruwan ya kai wuyan Husna. Ya tsaya a nan.

"Na ƙarshe," in ji muryar. "Amma ke ba ki iya ƙirga ba. Ita ta faɗi shekarar. In ta ƙara ko kwana ɗaya, yanzu za mu wuce da ita."

Idanun suka juyo kan Husna.

Kanta ya kama aiki da kansa. Fabrairun baɗi da Litinin zai fara. Sai Talata. Sai Alhamis. Juma'a. Asabar. 2032, Lahadi. Shekara shida kacal.

A'a. Wancan kwana ashirin da tara ne. Ba irinsa ba ne.

Ta ci gaba. Talata. Laraba. Alhamis. Juma'a.

"Dubu biyu da talatin da bakwai," ta faɗa da raɗa.

"Ta iya," in ji muryar.

Can cikin unguwa ladan ya ɗaga murya, ba lasifika. Abin da ke riƙe da ƙafafunta ya saki. Suka tsinci kansu a durƙushe kan busasshiyar ƙasa, tufafi sharkaf, kogin can nesa inda yake kullum.

Tun daga ranar Jibirin mai amalanken jaki ke kawo musu ruwa. Husna ta ajiye takardun neman ƙarin karatu a ƙasan akwati. Musaddiq, wanda ake shirin kawo kayan aurensa bayan sallah, ta ce masa ya nemi wata, ba ta kuma faɗi dalili ba. Ko kofin ruwa aka miƙa mata, takan kawar da ido kafin ta sha.

Turai kuwa ta shiga yawo. Ta je wurin malamin lissafi na sakandare, ta je wurin ɗaliban Najeriya da suka rage a masallacin unguwa, ta tsallaka Omdurman wurin wani tsohon mai buga kalanda. Duk ta ba su tambaya ɗaya, duk suka ba ta shekara ɗaya.

Yanzu kowace safiya, bayan ta idar da salla, sai ta zo bakin gadon Husna da fensir da guntun kwali.

"Sake ƙirgawa, ya bitti. Wataƙila kin yi kuskure."

Husna takan karɓa ta ƙirga mata, a hankali, shekara bayan shekara, Turai na bin bakin fensirin da ido.

Ba ta yi kuskure ba.