Furen Gaban Tagar Kaka

Tun da ƙafar Kaka ta yi ciwo, ta daina fita. Kullum tana zaune a bakin taga. Babu abin kallo sai gindin wata babbar bishiya da busasshiyar ƙasa.

Tausayi ya kama jikarta. Ta ce, "Kaka, zan dasa miki fure a nan."

"To, 'yar lele. Kada dai ki dasa mini ciyawa."

Ranar Asabar Baba ya kai ta wurin mai sayar da fure. Tana shiga, idonta ya faɗa kan wasu jajaye masu kyau.

Mai fure ya ce, "'Yata, ina za ki dasa su?"

"A gindin bishiya."

"Rana tana shiga wurin?"

"A'a."

"To waɗannan rana suke so, da ruwa mai yawa. Saiwar bishiya kuwa shanye ruwa take yi. Zo ki ga waɗanda nake ajiyewa a inuwa. Suna jure zafi, kuma kowace shekara suna fure."

Ya nuna mata wasu masu kaurin ganye, ko fure ɗaya babu. Ta yatsina fuska, ta kafe sai jajayen. Mai fure ya yi murmushi, ya ƙara mata ɗaya mai kaurin ganye kyauta.

Ta dasa jajayen a gaban taga. Na kyautar kuwa ta cusa shi can gefe, ta manta da shi.

Zafi ya shigo. Safe da yamma tana ban ruwa, amma kafin ta juya ƙasa ta bushe. Cikin mako uku jajayen suka yanƙwane. Ta zauna tana kuka, don ta yi wa Kaka alkawari.

Kaka ta ƙwanƙwasa taga. "Ke sarkin kuka, leƙa can gefe. Ni da ba ni da aiki, kullum shi nake kallo."

Ta leƙa. Ga wanda ta raina, kore shar, har ya fitar da ƙananan furanni farare!

Washegari ta koma wurin mai fure. Ta ce, "Baba, na ƙi jin maganarka. A ba ni na inuwa."

Da shekara ta zagayo, gindin bishiya ya cika da furanni. Kaka ta dogara sandarta, ta fito ta zauna a tsakiyarsu.

Tun daga ranar yarinya ta gane: kafin ka zaɓi fure, duba wurin da zai zauna, kuma ka saurari wanda ya sani.