Wanda Ya Bar Wuta a Kunne

Rana ta kusa faɗuwa a bayan gonakin tuffa, sanyin watan Yuni ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, Drita na ciro burek, wani burodi mai nama a ciki, daga tanda, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufin gidan. Ya yi ƙara, ya gangaro a hankali, ya tsaya. Mijinta Ramiz na zaune a teburin cin abinci, hannuwansa a kan gwiwa, irin zaman da ya koma yi tun da shagonsa ya ƙone.

"Jikokin Beryl ne," in ji Drita. "Je ka yi musu magana, ka ga 'yarmu ba ta son hayaniya."

Kafin ya kai ƙofa wasu sun sake faɗowa. Ya fita, ya duba hagu da dama, ba kowa a layin, gidan maƙwabciyar tasu Beryl ma a rufe yake. A kan ciyawa ya tsinci abin da aka jefo: gutsuren jan bulo ne, baƙi ƙirin da hayaƙi, kuma da zafinsa kamar yanzu aka ciro shi daga wuta. Ya gane bulon, na shagonsa ne. Ya cusa shi ƙarƙashin furanni, ya koma ciki ya ce bai ga komai ba.

Shagon Ramiz na tsofaffin kaya ne, a babban titin garin, daura da gidan waya. Sama da shekara ashirin yana sayen abin da manoma suka mutu suka bari: agogunan bango, kabad-kabad, fitilu, farantan da ba a yin irinsu yanzu. Wata Asabar da yamma wuta ta cinye shi. 'Yan kwana-kwana suka ce daga ɗakin baya ta tashi. 'Yarsa Lindita ce ta rufe shagon ran nan, kuma kowa ya san takan kunna hita mai ɗumama ɗaki a ɗakin baya. Da aka tambaye ta a bakin titi, tana kuka ta ce tana jin ta kashe, amma ba ta da tabbas.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, bayan tafiyarta Ramiz ya shiga ta ƙofar baya, ya ɗora tukunyar gam a kan murhun lantarki zai gyara ƙafar wata kujera. Sai abokinsa ya kira shi kallon ƙwallo a kulob, ya ja ƙofa ya tafi. Yana tsaye a cikin taron masu kallon gobarar ya tuna da tukunyar. Ya buɗe baki, ya ga idanun mutanen gari, sai ya dafa kafaɗar Lindita ya ce, "Ba komai, 'yata. Na yafe miki." Mutane suka yi ta yabon haƙurinsa.

Daga ranar jifan, gidan bai ƙara samun magariba mai daɗi ba. Da zarar haske ya fara dushewa sai duwatsu su fara. Bayan su sai ƙarar agoguna ta taso daga cikin bango, da yawa, kowanne da nasa bugun, alhali agogo ɗaya ne a gidan. Warin ƙuna ya kama labule da tufafi. Wani lokaci a ji kamar ana jan kabad mai nauyi a ɗakin da ba kowa.

Lindita ta daina ci, ta daina fita. Likita a birnin Shepparton ya ba ta maganin barci, ta sha, idonta biyu. Beryl ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Dabbobin nan ne masu hawa rufi, Ramiz, ka samo tarko. Ko dai kanka ne ya fara ƙonewa shi ma?" Ya yi dariyar dole.

Ranar da Drita ta shiga ɗakin 'yarta da miya, ta tarar da ita zaune a ƙasa tana kallon bango, ta ce, "Lindita, ko cokali ɗaya."

"Ba ta nan," in ji wata murya daga bakin yarinyar, muryar tsoho, a shaƙe.

Kwanon ya faɗi. Drita ba ta nemi shawarar mijinta ba, ta kira Hoja Sabri.

Hoja Sabri tsohon limami ne, shi ya ɗaura auren Ramiz da Drita, shi ya raɗa wa Lindita suna. Ya iso ana shirin magariba, ya yi salla a falo, sannan ya sa aka zaunar da yarinyar a gabansa, uwarta na riƙe da ita. Ramiz ya tsaya a jikin ƙofa. Hoja ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Duwatsu suka zubo a kan rufi, sannan suka tsaya cak. Kan Lindita ya ɗago.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mazaunin babban kabad ɗin ɗakin baya. Tare da shi aka sayo mu daga wata gona, ni da matata. Ba mu taɓa fasa masa ko kofi ba."

"To me ya haɗa ka da yarinyar nan?"

Muryar ta karye. "Da magariba nakan fita. Ita ba ta fita, ta tsufa, ba ta gani. Na dawo na tarar da jama'a da ruwa da toka. Wutarmu daban, taku daban, malam. Taku tana cin mu." Idanun yarinyar suka juya wajen ƙofa. "Na tsaya cikin taro ina neman mai laifi. Ubanta da kansa ya nuna mini ita."

Ramiz ya sunkuyar da kai.

"Kuskure ne, ba ganganci ba," in ji Hoja. "Ka fita, ka bar wa Allah hukunci."

"Ai da na gama da ita tuni. Amma na shiga na bincika ta ciki da waje, na ga hannunta yana kashe hitar. Ita ta manta, ni na gani. Ba ita ba ce." Muryar ta yi ƙasa. "A ba ni sunan wanda ya bar wuta, in sake ta. In ba haka ba, ita ce a hannuna, da ita zan zauna."

"Ba ka da wannan ikon."

Hoja ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Lindita ya sanƙare, ta fasa ihu, muryar tsohon da tata suna fita tare. Drita na kuka tana kiran sunanta. A tsakiyar ihun Ramiz ya ji muryar 'yarsa zalla ta ce, "Baba, zafi."

"Hoja, tsaya," ya ce. "Don Allah tsaya. Ni ne."

Hoja ya tsayar da karatu, ƙarar agogunan cikin bango ma ta ɗauke. Ya durƙusa a kan kafet ya faɗi komai, tukunyar, ƙwallon, da abin da ya ce a bakin titi. Drita ta dube shi, ta ƙara rungume 'yarta.

"To a ba ni shi," in ji muryar.

"Ba rai za a ba ka ba," in ji Hoja.

"Hannun da ya ɗora tukunyar."

"Ko farce."

"A yanka mini rago baƙi."

"Ba ma yanka don wanin Allah, ka fi ni sani. Nemi abin da ya halatta."

Yarinyar ta ja dogon numfashi. Can muryar ta ce, "Matata tana nan a cikin tokar. Kada a ɗora bulo a wurin, kada ya ƙara buɗe shago a kanta. Kuma ya je ya faɗa wa waɗanda suka yabe shi."

Hoja ya dubi Ramiz. "Ka ji, ɗana. Za ka iya?"

"Na ɗauka."

"To fita, da sunan Allah, kada ka dawo."

Lindita ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Iska ta kaɗa labule, warin ƙunan ya tafi da ita.

Ramiz ya cika alkawari. Ya je wurin shugaban 'yan kwana-kwana, ya je kulob, ya tsaya a bakin shingen Beryl ya faɗa mata. Wasu suka daina gaishe shi. Ya sa aka kwashe ƙarafa, aka zagaye filin da waya, ciyawa ta fito. Shagon bai ƙara buɗewa ba, duwatsun ma ba su dawo ba.

Lindita ta warke, ta koma cin abinci, amma in ya shigo ɗaki sai ta sami abin yi a wani. Da furanni suka fara fitowa a gonakin tuffa ta ce za ta koma birnin Melbourne wurin ƙanwar uwarta. Shi ya kai ta tashar jirgin ƙasa. Ya ɗauki jakarta, ta bar shi ya ɗauka. Suna tsaye suna jiran jirgi ya ce, "Lindita, ran nan da Hoja ya zo, akwai abin da..."

"Na ji, Baba. Ina ciki, ina jin komai."

Jirgin ya tsaya. Ta karɓi jakar daga hannunsa, ta hau, sannan ta juyo daga bakin ƙofa.

"Ka koma gida, ana sanyi," ta ce. "In na isa zan kira Mama."