Gidan Da Ya Juya Wa Titi Baya

"Ba zan bar shi ba, Norwood. Ka daina tambayata."

Leola na tsaye a kan yashi, ruwa na lasar ƙafafunta. A bayanta Tsibirin Teal ya koma kamar bakin tsoho, giɓi ta ko'ina. Tun guguwar bara da teku ya shiga har cikin coci, mutane suke ta kwashe gidajensu ɗungurungum. A ɗora gida kan gungume, a gangara da shi bakin ruwa, a hau da shi jirgin dako, sai garin Willet. Norwood ne mai jirgin. Shi ne kuma mai zuciyar Leola, abin da ko kajin tsibirin sun sani.

"Ni na ce ki bar Baba? Cewa na yi ku taho tare."

"Ya ce ba inda za shi."

"To ni fa, rabin raina? Sanyi na shigowa. Da iska ta juya, jirgina ya gama ƙetarowa sai baɗi. Wa ya san ko tsibirin nan zai kai baɗi?"

"Ka auri 'yar gari mana... mai takalmi."

"Ni mai taɓo a ƙafa nake so, mai ƙarnin kifi."

Ta so yin dariya, hawaye ya riga ta. Tana son sa, so mai ciwo, amma ta san ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta bar mahaifinta shi kaɗai a bakin ruwa ba.

Mahaifin nata, tsoho Asbury, kuwa taurin kai ne da kansa. Kullum da safe yana zaune a tagar gabas da kofin gahawa, yana kallon tudun da aka binne matarsa Orpha, ƙarƙashin dogayen itatuwa. A nan Norwood ya same shi, hula a hannu.

"Baba, ruwa ya ci gonar maƙwabcinka Tull. Saura kai."

"Na ga aikinka a Willet, yaro. Kun jera gidaje fuska ga titi. Tagar Tull da ta saba kallon teku, yanzu shagon aski take kallo." Ya kurɓi gahawa. "Ni tagar nan Orpha take kallo. Kowace safiya nake gaya mata yadda ruwa ya kwana. In ka kai ni can, wa zan gaya wa? Mai aski?"

Norwood ya daɗe yana duban tagar, ya mayar da hularsa ya fita. Leola ta ji haushinsa har wuya. Namiji guda, ko gardama ba zai yi a kanta ba?

Washegari ta ciro rigar auren mahaifiyarta da ta rage wa tsawo tun rani, ta ninke ta a hankali, ta mayar ƙasan akwati. Ba ta san tsohon na bakin ƙofa ba.

"Me kike yi, 'yar nan?"

"Kada asu ya ci ta, Baba."

"Ƙarya kike yi, kuma ba ki iya ba. Haka uwarki take." "Kira mini saurayin nan naki mara baki. Ya zo da gungumensa."

Ranar da gidan ya hau ruwa, teku ya kwanta luf. Mutanen Teal ba sa kashe murhu idan za a ƙetare da gida, wai don kada gidan ya gane an raba shi da ƙasarsa. Leola ta sa burodin masara a wuta, hayaƙi na tashi daga rufi, labule na kaɗawa, tsuntsaye na biye da su. Ta leƙa ta ga gajimare a sama, gajimare a ƙasa, ga su nan a tsakiya suna tafiya kamar a mafarki.

Asbury ya juya wa tagar baya, ya runtse ido. Zuciyar Leola ta karye. Ta samu masoyi, amma ji take yi ta yi wa mahaifinta fashi.

A Willet maza suka kama igiya suna jan gidan. Aka wuce layin su Tull, aka wuce shagon aski, har can ƙarshen gari inda fadama ta fara. Sai mai askin ya ɗaga murya.

"Norwood, soyayya ta makantar da kai ne? Kun ajiye gida bai-bai! Ƙofa na kallon fadama, baya ga titi!"

"Haka na so shi."

"Ina filinka mai kyau na bakin hanya?"

"Na musanya shi da wannan."

Dariya ta kaure. Leola dai ba ta yi ba. Ta ruga ciki ta durƙusa gaban tsohon.

"Baba... juyo. Don Allah juyo ka gani."

Ya juyo da ƙyar. Ta tagar gabas, ƙetaren ruwa, ga tsibirin can siriri kamar zare, ga tudun, ga kawunan itatuwan Orpha.

Norwood na tsaye a bakin ƙofa, hannunsa duk ya sale da igiya. Leola ta miƙe ta kama hannun, ta ɗora a kumatunta.

"Mugu... ka bar ni ina jin haushinka a banza."

"In na faɗa ban cika ba fa, hasken idona?"

Kafin sanyi ya kankama aka ɗaura musu aure, da rigar da ta fito daga ƙasan akwati. Amma abin da Leola ta riƙe a ranta har tsufanta shi ne yammacin nan na farko, lokacin da tsohon ya jawo kujerarsa jikin taga, ya share fuska, ya gyara murya.

"Orpha, ruwa ya wuni lafiya. Mun iso. Yaron nan fa... ba laifi."